Fankar da Baban Auta Ya Gyara

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ko da yake na san ba ki daina ɗaukar kaya masu nauyi ba. Mu nan lafiya lau. Gwaggo ta warke, har ta koma faɗa da maƙwabta, kin ga sauƙi ya samu ke nan. Na zaɓi rubutu ne don maganar ba ta waya ba ce, wanda za mu yi da shi kullum yana zaune kusa da ni ya yi tagumi.

Kin san 'yarki Auta da kiɗanta na kwamfuta. Waƙa take yi mai daɗi, irin wadda za ki tsinci kanki kina rerawa kina wanke-wanke, sai dai a ƙarƙashinta takan cusa ƙarar duk abin da ke gidan nan: murfin tukunya, ɗigon famfo, har zif ɗin jakata. Ni da farko na ɗauka na'urar ce ta lalace. To, an zaɓe ta a wata gasar matasa da za a yi wata mai zuwa, kuma sharaɗinsu shi ne babban sautin waƙar a fitar da shi a gaban jama'a, ba a ɗauko shi daga gida ba. Jigon waƙarta kuwa fankata ce ta tsaye, ɗaya daga cikin biyun nan da marigayi Baba ya saya mana. Kin tuna kukan da take yi idan tana juya wuya, ƙiii in ta tafi, ƙaƙas in ta dawo? A kansa Auta ta ɗora waƙar gaba ɗaya. Za ta kafa mata makirufo a kan dandamali, fanka na kuka ita tana rerawa.

Ga inda matsalar take. Baban Auta mai gyaran kayan lantarki ne, fankar unguwar nan duk ta bi ta hannunsa, tawa kuwa tun Auta tana goye nake roƙonsa ya duba ta yana ce min gobe. Kiɗan yarinyar ma hayaniya yake kiransa. Amma da ya ji za a kai fankar gidansa gaban mutane, sai abin ya tsaya masa a rai. Ranar da muka fita kasuwa ni da ita, ya rufe shago ya dawo gida, ya kwance fankar, ya sa mata mai, ya canza abin da ya cinye a wuyanta, har fenti ya yi mata. Muka tarar da shi a falo yana murmushi, ya kunna mana. Iska kamar me, ƙara kuwa babu ko kaɗan. Ya ce wa Auta kyautarsa ke nan, don kada ta ji kunya a gaban alƙalai.

Auta ba ta yi kuka ba, wallahi da ma ta yi. Godiya ta yi masa ta shige ɗaki. Ni na yi masa bayani, kuma ban taɓa ganin jikinsa ya yi sanyi haka ba. Tun ranar yake ƙoƙarin lalata fankar, ga shi bai iya ba. Ya goge man, ya sassauta noti, ya tona shara neman abin da ya cire. Fankar ta yi gurnani, ta yi tari, ta taɓa yin hayaƙi ma, amma duk sanda ya kira Auta ta saurara sai ta girgiza kai ta ce ba shi ba ne. Abin haushi, hannunsa ya saba: ya zauna ɓatawa, ya tashi ya ga ya ƙara gyara ta. Jiya na ji shi a banɗaki yana kwaikwayon kukan da bakinsa, ƙiii, ƙaƙas. Na yi dariya har da zama, daga baya tausayinsa ya kama ni. Ya ce min shi duk rayuwarsa rufe wa abubuwa baki yake yi, bai san akwai mai sauraronsu ba. Auta kuma ta ce in babu kukan, janyewa za ta yi.

To, ga roƙona. Ranar da kika kira ni ina jin taki fankar a bayanki tana kukanta, irin na tawa sak. Ki naɗe ta da bargo ki aiko ta a mota ta farko da kika samu. Kada ki goge mata ko ƙura, kada maigidanki ya taɓa ta. Zan aiko miki da tawa a madadinta, sabuwa fil, ba ta cewa uffan. Baban Auta ya ce shi zai je tasha ya ɗauko ta a kafaɗarsa. Da safen nan da kansa ya kawo min gwangwanin mai da sukuddireba, ya ce in kulle a akwatina, kada in ba shi ko ya roƙa.

Ki gaida maigidanki, da 'ya'yana Dogo da Gajeriya, ki shafa min kan ɗan ƙaraminku. Gwaggo na gaishe ku, ta ce kun manta da ita. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki, Maman Auta