Rigar Ulun Warwick

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar ma ta yi sauƙi. Daga ɗakin taron gari nake rubuto miki, inda aka kwaso mu. Waya ba ta shiga, ni kuma in ban yi magana da ke ba, ihu zan yi.

Wutar daji ta tsallako rafi da tsakar rana. Mijina Warwick yana zaune ba riga saboda zafi, sai ya zabura, wai zai kora tumaki bakin tafki. Na ce masa, "To zura wani abu mana, haka za ka fita kamar kifi?" Kin san kalmar nan tamu ta Turanci da na faɗa masa, throw on, a yayibi duk abin da hannu ya kai a saka a wuce. A zuwa kanti ba ta da laifi. Shi kuwa hannunsa rigar ƙwallon nan tasa ta roba ya kai, a kan igiyar shanya.

Sai da ya tayar da a-kori-kura na tuna faɗan da kike mana duk rani: ranar wuta, ulu ko auduga, domin roba narkewa take ta manne a fata. Na sungumo rigar sanyin da kika saƙa masa, koriyar nan da yake cewa ko kare ba zai yarda ya sa ba, na bi motar da gudu na wurga ta baya. Bai waiwayo ba. Ban san ko ya gani ba.

Yanzu sama ta yi ja ta wajen gonarmu. Kowace mota ta tsaya sai na miƙe. Maƙwabciyarmu Noelene ta ce, "Ke zauna, za ki huda musu ƙasa." Tsoro nake ji, Mama. Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Narelle

Mamata,

Ina gaishe ki, ya jikin? Ki kwantar da hankalinki, yana raye. Yana asibiti, hannayensa biyu a naɗe, kunnensa ɗaya ya ƙone, amma bakin nan nasa ko ƙwarzane bai yi ba.

Ya ce da ya sauka buɗe ƙofar shinge ya tarar da karenmu a bayan motar, kwance a kan rigarki. Ya tsaya yana zagina, yana zagin kare, har ke sai da ya haɗa, ki yi haƙuri. Sannan ya tuɓe ta ƙwallon ya rataye a ƙofar, ya saka taki a cikin wannan zafin. Wutar ta riske shi kafin ya kai tafki, ya kwanta a kwalbati ta bi ta kansa. Likita ta ce duk inda ulun ya rufe, fatar lafiya lau.

Jiya na koma gona. Rabin tumakin sun mutu. A ƙofar shingen na ga rigar ƙwallon, ta narke ta zama baƙin dunƙule, ta liƙe da ƙarfen. Na sa farce na ɓamɓara, ta ƙi fita. Nan na zauna na yi kukan da ban yi a ɗakin taro ba.

Ya ce in gaya miki rigar ta lalace, yana son wata. Na tambaye shi wace kala, ya ce, "Wannan mummunar koriyar dai, kar ta kuskura ta canza."

Taki har kullum,
Narelle