Tiyon da Ke Cikin Tanki

Ranar Litinin

Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gareji. Ya ƙarfin jiki, ya idon? Ina fata Yaya tana ɗiga maka maganin a kan lokaci, kai kuma ka daina ce mata likitan da ya yi maka aiki ko noti bai iya ɗaurewa ba. Na san ita ce za ta karanta maka wannan, don haka Yaya, ki karanta duka, ban da tsallake.

Gareji lafiya lau. Kujerarka tana nan inda ka bar ta, na hana kowa zama sai kyanwa, ita kuwa ka san ba ta jin magana.

Dogo ya kawo jar motarsa, wadda yake shiga tsere da ita. An sa mata babbar turbo, wai ƙarfin doki ɗari biyar yake nema. Da ya tarar ni kaɗai ce, sai ya tsaya yana leƙen bayana, ko za ka fito daga ƙarƙashin benci. Ya ce zai jira ka warke. Na ce ya jira, amma sai na yi masa karatun da ka yi mini tun ina taka akwatin kayan aiki in leƙa inji: turbo iska take ɗura wa inji, in iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, zafi ya tashi, fistin ya narke. Na zare fulogi na nuna masa, fari fat kamar alli, alamar mai ba ya isar injin. Sai ya miƙo mini makullin motar.

Zan sa mata manyan nozul masu fesa mai, in canza bututun mai daga tanki har inji, in ja wa famfo waya mai kauri. Famfon da ke cikin tanki ba zan taɓa ba, babba ne, kuma kai ka sa shi bara da hannunka.

Ka ci abinci, ka bar gardama. A gaida yaran Yaya.

'Yarka,
Auta

Ranar Asabar

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan samun sauƙi. Yaya, ki tura yara waje ki rufe ƙofa kafin ki ci gaba.

Na gama aikin ranar Laraba. Na manna agogon awon ƙarfin mai a gilashin gaba, muka hau titi ni da Dogo. A tsaye allura ba ta motsi, amma da turbo ta fara hura sai ta yi ƙasa. Na canza filta, na bi waya, na bi kowane ɗauri da na yi. Kwana biyu ina zagin kaina, Dogo yana zaune yana kallon agogon hannunsa. Da na rasa abin zargi, na cire kujerar baya na buɗe tanki.

Ɗan guntun tiyon da ya haɗa famfo da murfi ne, bai fi tsawon yatsana ba. Ya kumbura, ya yi laushi kamar burodin da ya sha shayi, ya tsage ta gefe. Rabin man da famfo ke turawa cikin tanki yake komawa. Tiyon waje ne, Baba, ba wanda ake jiƙawa a cikin mai ba. Ka fi ni sanin su: duka baƙaƙe, kauri ɗaya, bambancinsu ɗan siririn rubutun da ke jiki. Kai ne ka taɓa buge mini hannu don na yanka ban karanta ba.

Na zauna a ƙasa da shi a hannuna. Sai na tuna yadda bara kake miƙo mini kaya kana cewa in karanta maka lamba, wai hannunka da baƙin mai, alhali hannunka tas yake. Ni a wautata na ɗauka gwada ni kake yi. Kullum ina gefenka, amma ban lura cewa ba ka gani ba. Na yi kuka, kuma ba haushinka na ji ba, nawa na ji.

Na gaya wa Dogo gaskiya, cewa kuskuren daga garejinmu ne. Ya tambayi hannun wa, na ce hannun gareji. Na sa tiyon da ya dace, allura ta tsaya cak har ƙarshen gudu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ba motar Dogo kaɗai ka buɗe wa tanki ba, kuma kai ba ka rubuta komai, duk a kanka suke. Wani yana can zai wuce babbar mota, mai ya yanke masa a tsakiyar titi. Ina roƙonka ka faɗa wa Yaya motocin, tun daga ranar da rubutu ya fara ɓace maka. Na san abin da nake nema ya fi aikin idon ciwo. In ka yi fushi da ni, ka yi, amma ka faɗa.

Wadda ba ta da malami sai kai,
Auta

Ranar Alhamis

Babana,

Gaisuwa da ban girma. Takardar da Yaya ta rubuta ta iso. Ta ce ka juya fuska bango, ka ƙi abincin rana, sai da yamma ka ce ta ɗauko biro.

Na zaci biyu ne ko uku. Bakwai na gani, kuma tun shekara biyu da suka wuce. Shekara biyu kana lalube kai kaɗai, kana yi mana barkwanci. Allah ya saka maka, Baba, ban taɓa ganin girmanka kamar yau ba.

Shida daga ciki na kira masu su, duk sun kawo. Huɗu tiyonsu daidai ne, biyu na canza. Ba wanda ya ɗaga murya. Mai shuɗiyar motar nan ma cewa ya yi bai taɓa ganin bakaniken da ya kira shi don ya tona asirin kansa ba, ya ce a gaishe ka.

Saura wadda ka sa Yaya ta rubuta a sama, ta ja mata layi biyu. Ni na manta sam ka canza wa motata famfo lokacin da nake jego. Yaya ta ce sau uku kana maimaita mata: "Ki ce ta ajiye ta, kada ta ƙara sa yaran a ciki sai ta duba."

Na duba tun kafin in kira kowa. Tiyon ya kumbura, Baba, har ya fara tsagewa. Da wannan nake kai jikokinka makaranta kullum a kan babban titi. Aikinka ne, da ka yi shiru da har abada ba zan buɗe tankin nan ba.

Na canza shi. Ranar Lahadi za mu zo da ita mu duka, ka sa a dafa da yawa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta