Yadda Muka Ce wa Marwa To

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Saƙon Marwa ya shigo da hantsi, dogo, da Turanci kamar kullum, tunda har yau Hausar matar ƙanina ba ta wuce sannu da na gode ba. Tana so a mayar mata da 'yarta Khaulat Fatakwal kafin a koma makaranta. Ta yi ladabi, ban ce ba ta yi ba. Amma yarinyar nan tun da aka yaye ta ƙanin nawa Abdulkahar ya kawo ta Kiyawa ya danƙa wa Inna riƙo, ga shi har ta fara famfara.

Na karanta wa Inna da Hausa. Ta daɗe tana tsintar wake ba ta ɗago ba, can ta ce, “To. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ki rubuta mata.”

Na san wannan to ɗin. Wanda ake jansa ne, a sauke shi a hankali kamar tulu cike da ruwa. Aikina yanzu in sa Marwa ta ji nauyinsa, kuma zan iya. Ba yau na fara koyar da Turanci ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Mu da Hausa murya ce ke yin aikin. To ɗaya tana iya zama murna, tana iya zama kuka. A rubuce kuwa babu murya, shi ya sa Turawa suka tanadi kalamai hawa-hawa na yardar da rai bai so ba. Duk shekara ina koya wa 'yan aji shida su. Akwai mai cewa na yarda ba da son raina ba. Akwai mai cewa abin takaici, gaskiyarki ce. Akwai tunda kin nace. Can ƙarshe akwai ba ni da zaɓi face in amince.

Na ɗauki biyun ƙarshe na jera su da kyau. Babu zagi, babu kalmar da za a kama ni da ita. Marwa mai ilimi ce, za ta gane inda aka dosa, kunya ta kama ta, ta ce a bar yarinya ta ƙara ko da shekara guda. Wallahi rubutun ya yi kyau. Saboda Inna nake yi, tsohuwa ce, gidan zai yi mata faɗi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Ina yi wa Khaulat kitso ta ce wai da gaske ne a garin Mama akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa? Ban san wanda ya gaya mata zancen tafiyar ba. Na ce ta tsayar da kanta. Na ja gashin fiye da kima, sai da ta ce wash, Gwaggo.

Ban tura ba tukuna. Akwai jimla ɗaya da nake son in ƙara wasawa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Abdulkahar ya kira. Wai Yaya, shiru? Na ce magana irin wannan ba a yi mata gaggawa. Ya yi ta kewaye-kewaye irin nasa, daga baya ya ce Marwa ko abinci ba ta iya ci, kullum tana kan waya tana duba ko mun amsa. Ya tuna min cewa tun bayan Khaulat Allah bai sake ba su haihuwa ba. Kamar ni za a koya wa yadda ɗaki marar yaro yake. Na yi aure, na fito, ban taɓa goyon nawa ba.

Na ce ya gaishe ta.

Talata, 13 ga Agusta

Yau an yi ta. Inna ta tambaya ko an aika, na ce saura kaɗan. Ta ce in mayar mata da shi Hausa, kalma bayan kalma, kada in yi mata kwaskwarima. Na gyara zama na fara, ina jin kaina.

Da na zo kan tunda kin nace, ta ɗaga hannu. Ta ce yaushe yarinyar ta nace? Uwa ta nemi 'yarta sau ɗaya, da ladabi. Da na zo kan ba mu da zaɓi, sai ta ajiye carbinta. Ta ce ita tana da zaɓi, in ta ce a'a Abdulkahar bai isa ya musa mata ba, ita ce ta zaɓi ta bayar.

Na ce Inna, ai baƙin cikinki nake so ta gani.

“Nawa ko naki?”

Ta ce ƙaya na shuka a hanya, kuma ba Marwa ce za ta taka ba. Yarinyar za ta tafi ko ta yaya, amma duk ranar da ta ce tana son zuwa Kiyawa hutu, uwarta za ta tuna wannan rubutu ta ce a'a. “In za ki ce ina jin zafi, ki faɗa, gaskiya ce. Amma kada ki ce ita ta ji min.”

Raina ya ɓaci sosai. Har yanzu ina ganin babu kuskure ko ɗaya a Turancin.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ban taɓa rubutun ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Na sake shi daga farko. Da na zuba wa kalaman nan huɗu ido sai na ga ba hawa-hawa ba ne kamar yadda nake koyarwa, gida biyu ne. Biyu suna nuna mai magana da ciwonsa. Biyu suna nuna wanda ake yi wa magana da yatsa. Ban taɓa raba su haka a aji ba.

Abin da na rubuta gajere ne. Na ce mun yarda, kuma gaskiyarki ce, wurin yarinya wurin uwarta. Ba za mu ɓoye miki ba, da nauyin zuciya muka yarda, domin ta cika mana gida. Laifin ba naki ba ne, so ne ya jawo. Na ƙara da cewa ba ta shan kunu da zafi, kuma tana tsoron tsawa, a riƙe mata hannu.

Na karanta wa Inna. Ta ce wa ya ce a sa zancen tsawa? Na ce ni. Ta ce to, tura.

Marwa ba ta amsa a rubuce ba. Murya ta turo, tana kuka, tana ta maimaita na gode Anti da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce kowane dogon hutu na Kiyawa ne. Ba mu roƙa ba, ita ta faɗa.

Asabar, 31 ga Agusta

Abdulkahar ya zo ya tafi da ita. Na raka su tasha a Dutse. Na ɗaure mata kuka da daddawa da dabino, na sa mata lalle tun jiya. Tana ta ɗaga min hannu ta taga, bakin nan babu haƙoran gaba. Ban yi kuka ba, mutane sun yi yawa.

Litinin, 9 ga Satumba

An koma makaranta. 'Yan aji shida na bana sun fi na bara kai. Da muka zo darasin nan na raba musu allo biyu, na ce su riƙa duba wanda kalma take nunawa kafin su ɗauke ta. Wata ta tambaya a wane littafi yake. Na ce ta rubuta kawai.

Inna ce dai abin ya taɓa, ta rage magana. Ni lafiyata ƙalau, aiki ya yi min yawa ma.

A hanyar dawowa na tsaya wurin mai awara na saya kamar kullum, na ce a rage yaji. Sai da na iso ƙofar gida na tuna mai cin ta tana Fatakwal. Na miƙa wa Inna. Ba ta cin awara, amma ta karɓa, ta matsa min wuri a tabarma.