Fayil Ɗina Yana Yawo, Ni Ina Ɗingishi

Daga:
Malamar lissafi kuma mai tsara jadawalin darussa,
Makarantar Sakandare ta Bayan Tasha.
Lambar kati: 0417.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Haɗakar Asibitocin Yanki,
Sashen Kula da Masu Ciwon Sikila.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GAZAWAR HAƊA NI DA LIKITA DA FAYIL ƊINA A ƊAKI GUDA, WATA UKU KE NAN

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na mai neman alfarma, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, abin da ni dai labarinsa kawai nake ji.

Ni mace ce mai shekara arba'in da ɗaya, da sikila aka haife ni. Ina da shekara shida wani likita ya ja mahaifiyata gefe ya ce kada ta sa rai zan kai ashirin. Allah ya ji ƙansa, har gaisuwar rasuwarsa na je. Na faɗi wannan ne don Mai Girma ya san ba raguwa ce ke rubuto masa ba. Kan ƙashin kwatangwalona na hagu ya mutu, an sa mini ranar tiyata 24 ga wannan wata. Likitan ƙashin sau ɗaya yake zuwa yankin nan a shekara, kuma ya rantse ba zai taɓa ni ba sai likitan jini ya duba fayil ɗina ya sa hannu, mako guda kafin ranar. Ga abin da ya hana.

1. Da aka kafa haɗakar nan, an gaya mana za a kawo ƙwararren likita kusa da jama'a. Likitan jini ɗaya ne tilo, sai aka raba shi uku: mako guda a Asibitin Gabas, mako guda a Asibitin Yamma, mako guda a Babban Asibiti. A Babban Asibiti ba ya ganin kowa sai sababbi da waɗanda ke kwance. Na yi murna da tsarin har na tafa, da hannuwan nan da yanzu nake riƙe sanda da su.

2. Fayil ɗina a Babban Asibiti aka buɗe shi shekara talatin da biyar da suka wuce, don haka can ne gidansa. Dokokinku uku ne a kansa. Majinyaci ba ya taɓa fayil ɗinsa. Akawu ba ya neman fayil daga wani asibiti sai ranar da mai shi ya tsaya a gabansa da katin ganin likita. Fayil ɗin da ya je baƙunta kuwa, in ya kwana goma sai a mayar da shi gida. Motar fayil ranar Juma'a kaɗai take fita. Kowace doka a cikinsu tana da kyau ita kaɗai, kamar 'yan ajina, sai an haɗa su a benci guda ake ganin halinsu.

3. Ranar Talata, 2 ga Yuli, na je Asibitin Gabas. Likita yana nan, ni ina nan, fayil yana gida. Likitan mutumin kirki ne. Ya tambayi lafiyar yara, ya duba idona, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Akawu ya cika takardar neman fayil, sannan don tausayi ya ba ni ranar da ta fi kusa, wato 9 ga Yuli a Asibitin Yamma. Na je Yamma, aka ce ai fayil ɗina ya sauka Gabas lafiya tun ranar Juma'a. Akawun Yamma ya nemo shi. Ranar 23 ga wata na koma Gabas, aka ce sai haƙuri, yana Yamma.

4. Sai na yi wa kaina faɗa. Na ce ke malama, mai neman ɓataccen yaro a kasuwa wuri guda yake tsayawa. Na sa aka nemo shi Gabas, na ƙi karɓar kowace rana sai 13 ga Agusta, lokacin da likita zai zagayo. Ranar na yi wanka, na sa tufafin da nake zuwa taron iyaye da su. Akawu ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya ce fayil ɗina ya zo, ya jira ni kwana goma cur ban zo ba, an mayar da shi gida ranar 9. Yadda ya faɗe ta, sai da na ji kamar in ba fayil ɗin haƙuri.

5. Ranka ya daɗe, shekara goma sha shida ina tsara jadawalin malamai talatin da azuzuwa goma sha takwas, ban taɓa tura malami ɗaya aji biyu a lokaci guda ba. Na zauna da takarda da abin ja layi, na zana tafiyar likitanku da ta motarku har zuwa ƙarshen shekara mai zuwa. Likita yana dawowa bayan kwana ashirin da ɗaya, fayil yana tafiya bayan kwana goma. Ba za su haɗu ba har a tashi duniya. Na manna zanen a bayan wannan takarda, kyauta.

6. Na tambaya ko za a sauya wa fayil ɗin gida ya koma Gabas gaba ɗaya. Aka ce wannan mai sauƙi ne, likitan jini ne kawai zai sa hannu a bangon fayil ɗin. Na yi godiya na fito, domin tarbiyyar da aka yi mini ba ta ba ni kalmar da ta dace ba.

Na kuma tambaya yadda sauran majinyata ke yi. Akawun Gabas ya sunkuyar da kai ya ce su a rassa aka buɗe musu fayil, matsalar ta tsofaffin hannu ce kawai, kuma da ake tsara abin ba a zaci muna da yawa ba. Gaskiya ya faɗa. Mu bakwai ne muka rage a duk yankin, laifinmu mun daɗe.

7. Ranar Laraba, 4 ga Satumba, da tsakar rana ina kan allo ciwo ya tashi. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba, ni kuma na gaji da kwatantawa. Yayana, wanda direban babbar mota ne, shi ya ɗauke ni zuwa Asibitin Yamma. Na gaya wa nas sunan allurar da ke yi mini aiki da adadinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce yadda na haddace sunan magani haka abin dubawa ne. Na ce mata shekara talatin da biyar muna tare da shi, ko miji ne ai na san sunansa. Awa uku na yi a benci kafin a yarda ba jaraba ce ta kawo ni ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jini. An yi mini ƙarin jini sau da yawa a rayuwata, har jikina ya koma ƙin wanda ya dace da ni a takarda, sai an yi gwaji na musamman. Bayanin yana cikin fayil, a wani jan shafi. Ranar an riga an rataye ledar jini a jikin ƙarfe, ni kuma ba na iya magana. Yayana ne ya tsaya tsakanina da ƙarfen, ya ce sai dai a fara saka masa. Suka kira masu gadi, shi kuma ya ƙi motsi har aka sami likitan jini a waya. A littafinku an rubuta cewa ɗan'uwan majinyaciya ya ta da hankali. Ina roƙo a ƙara cewa shi ya sa majinyaciyar ke rubutu yau. Na ji tsoro a ranar, Ranka ya daɗe, kuma har yanzu tsoron bai sake ni ba.

8. Domin adalci, zan shaida cewa na ga fayil ɗina sau ɗaya. Ranar Juma'a, 20 ga Satumba, a ƙofar Babban Asibiti, na tsayar da motar fayil da sandata. Da na faɗi lambata direban ya washe baki, ya ce ashe ni ce. Ya ce fayil ɗina ya yi ƙiba ba ya shiga akwati, shi ya sa a kujerar gaba yake zama, har bel yake ɗaura masa saboda ramukan hanya. Ga shi nan kuwa, an ɗaure shi da igiyar roba, ya sha iska ya yi fes. Na miƙa hannu, direba ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali. Na tsaya ina kallo abin da ya san ni fiye da mijina ya wuce a gaban mota, ni kuma na tafi neman ta haya.

9. Azuzuwana suna bene na biyu. Tun watan jiya ɗalibai ke saukowa ƙarƙashin matakala ina koya musu a can. Shugaban makaranta ya yi haƙuri iya haƙuri, amma ya gaya mini a fili cewa in tiyatar nan ta wuce ni, zai nemi wani malamin. Shekara guda kuma ƙashin nan ba zai jira ta ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon abu biyu. Na farko, a gyara dokar kwana goma saboda sauran tsofaffin hannu. Na biyu shi ne na gaggawa. Likitan jini zai kasance a Asibitin Gabas ranar Talata, 15 ga wata, kuma ita ce dama ta ƙarshe kafin tiyata. Fayil ɗina yana gida a Babban Asibiti. Motar Juma'a za ta fita gobe, na kuma san wannan takarda ba za ta iso teburinka ba sai Litinin.

Amma na gano akwai wata hanya. Ranar 25 ga Satumba muka rasa ɗaya daga cikinmu, wani mai gyaran agogo da muka yi shekara ashirin muna haɗuwa a layi, da shi mu takwas ne. Ya cika da safe a Babban Asibiti, fayil ɗinsa yana Yamma. Kafin la'asar fayil ɗin ya iso. Da na yi mamaki, aka ce ai hukuma tana da babur na musamman, domin doka ta ce a rufe fayil ɗin mamaci cikin awa ashirin da huɗu.

Ranka ya daɗe, ashe ni ma ina da haƙƙin tafiya guda a kan babur ɗin nan. Ina roƙo a ba ni ita ranar Litinin, tun ina iya cewa na gode. Ta ranar mutuwata na yafe wa hukuma, a kawo fayil ɗin a duk Juma'ar da ta samu, ba zan yi ƙorafi ba.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya raba ka da bencin jira.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Malamar lissafi,
Mai kati lamba 0417, tana raye.