Ku Riƙa Duba Waɗanda Ba Su Kuka

Zuwa ga Shugabar malaman jinya ta asibitin da anka kai mutanen jirginmu,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Inna Tumba, daga wani ƙauye na bakin gulbi a ƙasar Gummi. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Saratu ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Na ɗaya. Damina biyu ke nan da jirgin da ke ƙetarar da mutanenmu gona ya kife da hantsi. Anka tsamo su, anka kwaso su a babura da motar hatsi, mu muna biye. Har yau in na zauna gindin ceɗiya da rana nakan ga farfajiyarku kamar ina kallonta daga ƙarƙashin ruwa. Malamanku mata uku cikin fararen kaya, suna ta shawagi kamar balbelu a bayan shanu. Ban ce ba su da tausayi ba. Ɗaya ma hawaye take tana ɗaura ƙarin ruwa. Amma na lura ba wanda ya taɓa koya musu inda ake farawa in mutane sunka zo da yawa haka. Duk wanda ya fi ihu, wurinsa sunka nufa.

Na biyu. Ɗiyata ta fari tana cikin jirgin. Ita ba ta ihu. Haka munka tashe ta, ko haihuwa ta yi ba a ji muryarta ba. Da anka ga ta yi tsit, sai anka ja zane anka rufe ta, anka jera ta da waɗanda sunka riga mu, ba a ko sa mata abin nan na kunne a ƙirji ba. Ni ina tsaye can jikin katanga, na ga babban yatsan ƙafarta ya motsa. Sau biyu.

Na uku, wannan nawa ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban jama'a. Shekara arba'in ban taɓa kiran sunanta ba, ranar ma bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na shiga cikin taro neman goggonta da ta rene ta, don ita ta yi magana. Kafin in samo ta an kira azahar. Da malamar jinya ta yaye zanen, jiki da sauran ɗumi, amma an gama. Na san kwana ne ya ƙare. Duk da haka nakan gan ta tana tahowa ta cikin gero, zanenta a jiƙe, ba ta cewa komai.

Ga roƙona. Gulbi ya soma kawowa, jikokina kuma da jirgi suke zuwa gona. Ku tara malamanku tun yanzu ku gwada musu yadda za su yi, kamar abin ya faru. Kada a rufe kowa sai an saurari ƙirjinsa. In kuma sun ga tsohuwa ta ja gefe tana kallon ƙasa, su je su tambaye ta a hankali wanne ne nata.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanya albarka a hannuwanku, ya jiƙan namu da naku. Malama Saratu, ajiye biron nan, na gaji.

Wassalam.

Inna Tumba. Nan ta tsaya, ni ma Saratu na ajiye biro.