Rasuwar Kuwabara Tomekichi a Filin Ɗaukar Fim

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar 'Yan Wasan Barkwanci na Sinima ta birnin Kyoto tana sanar da jama'a rasuwar babban malaminta kuma tsohon shugabanta, Maigirma Kuwabara Tomekichi, ranar Talata, 13 ga Nuwamba, 1934, yana da shekara arba'in da shida.

Da hantsin ranar marigayin ya hau tsani da shigar mai gyaran rufi, ya sulluɓo ƙasa kamar yadda aka tsara. Duk wanda ke wurin ya kece da dariya, mai ɗaukar hoto bai daina juya na'ura ba. Sai da abokin wasansa na shekara goma sha biyu, Hosoda Genzo, ya zungure shi yana cewa, "Kai Tome, tashi mana, shinkafa na hucewa!" sannan aka gane abin ya wuce wasa. Likita ya tabbatar zuciyarsa ce ta tsaya.

Marigayin ɗan mai sayar da awara ne a unguwar Fushimi. Sau uku ana sallamarsa daga dandalin wasan kwaikwayo saboda i'ina, har zuwa 1919 da ya shiga fim marar magana, inda fuska da gaɓoɓi suka isar masa. Ya fito a finafinai sama da ɗari da arba'in, ya horar da yawancin waɗanda ke ba ku dariya a yau. Da fim mai magana ya shigo, kamfanoni suka fara juya masa baya, bai yi ƙorafi ba; cewa ya yi, "Ku dai ku yi surutun, faɗuwar ku bar mini."

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Uwargida Kuwabara Shizue, da 'ya'yansu Fumie da Noboru, tare da addu'ar su samu juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Juma'a a haikalin unguwarsu.

Mun so mu ƙona faifan fim ɗin ƙarshe, uwargidan ta hana. Ta ce, "Ku nuna wa mutane har inda ya taka tsanin. Sauran nawa ne, ku kawo mini gida." Haka kuwa za a yi.

Sa hannu:
Ogata Shinsuke
Kakakin Ƙungiya