Famfon Bayin Jirgin Bakhit

Asabar, 6 ga Yuli

Zafi. An ɗaure jirgin a bakin kogi a garin Esna, baƙi sun ɗauke ƙafa sai sanyi ya shigo. Na kai wa ma'aikata abincin rana kamar kullum, miyar lalo da gurasa. Ɗoyi ya tare ni tun daga kan katakon hawa. Wai famfon da ke zuƙe ƙazantar bayin baƙi ne ya tsaya, yana gurnani amma ba ya ja.

Bakhit, ƙanin maigidana, shi ne shugaban jirgin yanzu. A gaban kowa ya ce, "Yaya, tunda idonka ba ya hango gaɓa, ai ya ga noti. Gobe ka cire famfon."

Maigidana Radi, Abu Sabri, ya ce to. Mutumin da ya koya wa Bakhit karanta iska. Na ci gaba da zuba miya.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ya Allah.

Ya shiga ramin da ke ƙarƙashin bayin da sifana, rigingine. Kafin ya shiga ya tambayi Bakhit ko an kwashe tankin. Ina tsaye, da kunnena na ji: "An kwashe, Yaya, shiga abinka." Shi ya sa bai nemi makullin tankin ya rufe ba. Shi igiya ya sani da sanda, ba tiyo ba. Yana sassauta tiyon abin ya ɓalle masa a fuska. Gemu, ƙirji, har baki.

Ya fito da rarrafe yana lalube. Hanafi, babban matuƙi, ya faɗi ƙasa don dariya. "Baba Radi, yau ka ci rabon Turawa!" Bakhit ya toshe hanci da rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya miƙa masa hannu.

Ni ma ban miƙa ba. Ina riƙe da faranti ne.

Litinin, 8 ga Yuli

Ya yi wanka a kogi, ya sake a gida. Na wanke jallabiyar har launi ya tafi, wari ya tafi. Haka aka koya mana a gaban malam: in ruwa ya gusar da najasa, ta gusu, ba sauran magana.

Ya koma ya ƙarasa aikin. Wannan karon ya rufe makullin, ya cire wayoyi, ya fito da famfon. Tsummokaran goge jiki na baƙi ne da gashi suka naɗe wuƙar da ke juyawa a cikinsa. Ya zauna a inuwa yana tsince su da ƙusa.

Laraba, 10 ga Yuli

Tun kafin a haifi ɗanmu Sabri maigidana ke ja musu salla a saman jirgin. Yau da azahar ya matsa gaba, Hanafi ya riga shi tsayawa. Ya ce, "Huta, Baba. Mu ne a bayanka, iska kuma daga gabanka take zuwa." Suka yi dariya da alwalarsu.

Na ce, a hankali, "Hanafi, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan tsarkakakke ne." Bakhit ya juyo: "Ummu Sabri, ke ke kwana da shi, ke za ki ba da shaida." Wata dariyar.

Ya yi sallarsa a ƙarshen sahu, da tazara tsakaninsa da na kusa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Matar Hanafi ta gaya mini a wurin gasa gurasa: Bakhit ya san tankin cike yake. Mai kwashewa sai mako mai zuwa. Tana faɗa tana danne dariya.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ya mayar da famfon, yana ja lafiya. Ba wanda ya ce sannu. Da aka zauna cin abinci ya sa hannu a farantin, sai hannuwa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Bakhit ya gutsuro gurasa ya ajiye masa a gefe, a kan katako.

A hanyar gida Abu Sabri ya ce mini, "Wahiba, ki faɗa mini gaskiya. Ina wari?" Na ce a'a wallahi. Ya ce, "To in ke ba ki ji ba, ya ishe ni. Nan ne kawai ya rage mini."

Ban yi rantsuwar ƙarya ba. A lokacin ban ji ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Sabulu ne. Na shinshina matashinsa, sabulu ne kawai. Amma in ya yi magana sai in ga gemun kamar ranar.

Talata, 16 ga Yuli

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, can na kwana. Ɗakin ya yi zafi.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na sayo masa kofi da kwano, shuɗaye, masu haske. Na ce don idonsa ne, ya riƙa gane nasa ba lalube. Ya juya kwanon a hannu ya daɗe. Ya ce, "Allah ya saka, Ummu Sabri." Rabon da ya kira ni haka a cikin gida na manta.

Da zan karɓi kwanon yatsunsa suka taɓa bayan hannuna. An kira la'asar, ina da alwala. Na san ba ta karye ba, na san hukuncin tun ina yarinya.

Na dai sake alwalar. Ruwa ne, ba ya ƙarewa a garin nan. Na zuba a hankali don kada ya ji.